Yadda Ake Raba Labari Ɗaya a Kafofi Daban-daban Ba Tare da Ya Watse Ba

Shekaru goma sha biyar da suka wuce, furodusan da ya gama fim a Kano ya san inda zai dosa. Zai buga faifai, ya buga fasta, ya kai wa dillalai a Ƙofar Wambai, ya biya kuɗin talla a rediyo, sannan ya koma gida ya jira ciniki. Satar fasaha da fina-finan Indiya masu fassarar Hausa da masu tura fim a waya a bakin titi suka taru suka durƙusar da wannan kasuwa. Da tashar talabijin ta Arewa24 ta fara aiki a 2014, ta kawo shirin Daɗin Kowa a shekarar da ta biyo baya, jama'a suka saba da jiran ci gaban labari mako-mako. Zaman kullen korona na 2020 ya ƙarasa aikin. A shekarar ne Izzar So na Lawan Ahmad da Labarina na Aminu Saira suka fito, fim mai dogon zango ya zama shi ne sana'ar, YouTube kuma ta zama kasuwar.

Amma mai kallon yau ba a wuri ɗaya yake haɗuwa da labari ba. Yakan fara cin karo da guntun faɗa na daƙiƙa talatin a TikTok, ya tarar ana musu a kansa a Facebook, ƙanwarsa ta sa wani guntun a sitatus, sai daga baya ya je neman cikakken shirin. Wani ma ba zai taɓa zuwa ba, alhali ya san sunayen taurarin, har yana da ra'ayi a kan wadda ya kamata jarumin ya aura. Aikin mai shiri, ko furodusa ne ko marubuciya ko ɗan jarida ko 'yar kasuwa, shi ne ya tsara wannan tafiya da gangan, kada ya bar ta a hannun sa'a.

Raba labari daban, maimaita shi daban

Hausawa sun daɗe suna ɗaukar labari daga wani salo zuwa wani. Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa littafi ne, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mai da shi wasan kwaikwayo, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976. In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ma daga takarda ya hau allo. A irin waɗannan, labari guda ake sake faɗa, wanda ya karanta littafin ya riga ya san ƙarshen fim ɗin. Abin da ake yayi yanzu ya sha bamban. Ana yanka labarin ne a ba kowace kafa yankin da ya dace da ita, ta yadda mai bin sa a wuri biyu zai san abin da mai bin sa a wuri ɗaya bai sani ba, shi kuma mai wuri ɗayan ba zai rasa zaren labarin ba.

Misalin da ya fi fito da wannan fili daga ƙasar Norway ya zo. Tashar gwamnatin ƙasar, NRK, ta yi wani shiri mai suna Skam daga 2015 zuwa 2017, zango huɗu, a kan ɗaliban wata makarantar sakandare a birnin Oslo. Julie Andem, wadda ta rubuta shi ta kuma ba da umarni, sai da ta zauna da matasa ta saurare su sosai kafin ta ɗora alƙalami. Dabarar sakinsa ce ta ja hankalin duniya. Idan abu ya faru a cikin labarin ranar Talata da hantsi a aji, to ranar Talata da hantsi ake ɗora wannan guntun a shafin shirin, ba tare da sanarwa ba. Idan shagali ne na dare, cikin daren zai fito. A tsakanin guntayen ana ɗora hotunan hirar da mutanen cikin labarin suka yi da juna ta waya, kuma suna da shafukan Instagram da sunayensu na cikin shiri, suna sa hotuna kamar mutanen gaske. Ranar Juma'a sai a haɗa guntayen makon su zama kashi guda, domin mai son ya zauna ya kalla a jere. Matasa suka riƙa leƙa shafin sau da yawa a yini don gudun kada wani abu ya wuce su. Daga baya aka ɗauki tsarin aka yi irinsa a Faransa da Jamus da Italiya da Sifaniya da Amurka.

Skam na da kuɗin tashar gwamnati da ma'aikatan da ba su da wani aiki sai wannan, don haka ba kowa ne zai iya kwaikwayonsa kaf ba. Abin ɗauka a ciki ƙa'ida ce guda: kowace kafa da aikinta. Kuskuren da ya fi yawa a shafukan shirye-shiryen Hausa shi ne a yanko minti uku daga kashin makon, a watsa shi yadda yake a Facebook da Instagram da TikTok da sitatus, da rubutu iri ɗaya a ƙasa. Mai bin shirin a duka wuraren ya ga abu guda sau huɗu, ba a ba shi dalilin ci gaba da bin ukun ba.

A fara da cibiya

Kafin a buɗe shafi ko ɗaya, sai an amsa tambaya biyu: ina cikakken labarin zai zauna, kuma ta ina kuɗi zai shigo? Ga mai fim, amsar na iya zama YouTube, ko tashar talabijin, ko manhajar da ake biya kafin a kalla irin Northflix. Ga marubuciyar littattafan intanet, zauren WhatsApp ne ko na Telegram da sai an biya ake shiga. Ga mai turaren wuta ko mai kayan kicin, lambar da ake yin oda ce. Wannan wuri shi ne cibiya, sauran kafofin duk hanyoyi ne masu kaiwa gare shi. Shafin da ba ya kai kowa cibiya, komai yawan mabiyansa, wahala ce kawai.

Wanda ya zaɓi YouTube ya kamata ya san lissafinta tun farko. Ba ta fara raba kuɗin talla da mai tasha sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata goma sha biyu, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo cikin kwana 90. Bayan nan yana samun kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo, kuma ba a biyansa sai abin ya kai dala 100. Bidiyon da ya kai minti takwas ne ake iya sa wa talla a tsakiya. Farashin tallan ya danganta da ƙasar da mai kallo yake, kallo dubu daga Ingila ko Amurka ya fi kallo dubu daga Najeriya ko Nijar kawo kuɗi nesa ba kusa ba. Shi ya sa fassarar ƙasan allo ba ado ba ce. Tana jawo wanda Hausarsa ba ta nuna ba, irin 'ya'yan Hausawan da suka tashi a ƙasashen waje, da maƙwabtan da ke son labarin ba sa jin harshen. Fassarar da aka yi da gaggawa, cike da kurakurai, tana zubar da mutuncin shirin a idon waɗannan mutane.

TikTok aikinta kamun baƙi ne. Tana nuna bidiyo ga mutanen da ba su taɓa jin sunan mai shi ba, idan waɗanda suka fara gani sun tsaya sun kalla har ƙarshe. Guntun da za a sa mata dole ya tsaya da ƙafarsa, wanda bai san komai game da shirin ba ya gane wa ke faɗa da wa, kuma a kan me, cikin daƙiƙoƙin farko. Ba wurin sallama da tambarin kamfani da jerin sunaye. Kamar yankan ɗanɗanon da mai tsire ke miƙa wa mai wucewa ne, ana zaɓo shi daga wuri mai daɗi, amma ba a ba da wanda zai ƙosar. Guntun da ya tona yadda rikicin ya ƙare ya kashe wa cibiya kasuwa.

Facebook nan ne dandalin musu, kuma nan manya suka fi yawa, masu haƙurin karanta dogon rubutu da mayar da dogon martani. Instagram ta fi dacewa da fuska da sutura da bayan fage. Sai dai adireshin da aka rubuta a ƙasan hoto a Instagram ba ya dannuwa, dole a sa shi a saman shafi ko a cikin gajeren labarin da ke ɓacewa bayan awa 24. Kuma tun 2021 kamfanin ya bayyana cewa yana rage yaɗa bidiyon da ke ɗauke da tambarin TikTok, don haka a riƙa ɗora asalin fayil ɗin a kowace kafa, kada a sauko da shi daga wata a kai wata.

WhatsApp ce aka fi rainawa, kuma ita ce ta fi kusa da zuciyar mai kallon Hausa. A nan saƙo ke zuwa daga hannun wanda aka sani, kuma a nan ne wanda ba ya karanta boko yake daidai da kowa, saboda saƙon murya. Tana da ƙofofi uku da ya kamata a bambance. Zaure yana ɗaukar mutum 1,024, kowa na ganin lambar kowa, kuma in babu mai tsawatarwa yakan koma wurin tallan kowa da kowa. Jerin aika saƙo ga mutane da yawa a lokaci guda yana tsayawa a 256, kuma ba ya isa sai ga wanda ya adana lambar mai aikawa. Tashar WhatsApp, wadda aka fito da ita a 2023, ita ta fi dacewa da mai shiri: shi kaɗai ke magana, mabiya ba su da iyaka irin ta zaure, kuma lambobinsu a ɓoye suke, abin da ke da muhimmanci ƙwarai ga mata.

Ba dole ne a shiga duka ba. Ƙaramin kamfani mai mutum uku gara ya riƙe cibiya da kafa biyu da kyau, da ya buɗe shida ya bar huɗu suna ƙura.

Mako guda a aikace

A ɗauka shiri ne da ke fita kowace Juma'a da dare, labarin wani tela da ya karɓi ɗinkin Sallah fiye da ƙarfinsa, ya kuma taɓa kuɗin kayan lefen wani. Aikin raba labarin ba ranar Juma'a yake farawa ba, tun wurin rubutu yake farawa. Marubuci zai yi wa kowane kashi alama: ga fitowar da za ta iya tsayawa ita kaɗai a TikTok, ga tambayar da za a bar wa masu kallo, ga abin da ya faru a ɓoye wanda ba za a nuna a cikin kashin ba. A wurin ɗauka kuma a ware mutum guda da waya mai kyau, aikinsa ɗaukar bidiyo a tsaye, domin hoton da aka ɗauka a kwance don talabijin idan aka matse shi ya koma na waya yakan yanke rabin fuska ko ya fitar da mutum na biyu daga allo. Minti goma da za a roƙi jarumai bayan an gama fitowa, suna cikin kayan wasan, ya isa a tara abin da za a yi mako ana sakewa. In aka bari sai an tashi daga wurin ɗauka, tara su kuma sai an sake kashe kuɗi.

Asabar da Lahadi na musu ne. A Facebook sai a jefa tambayar da ke da ɓangare biyu masu ƙarfi: wa ya fi laifi, telan da ya ci amana ko uwar amaryar da ta matsa sai an yi lefen da ya fi ƙarfin ango? Irin wannan tambaya takan sa mutum ya kawo labarin gidansu. Roƙon a danna alamar so, ko a rubuta amin, ko a kira sunan abokai goma, ba ya haifar da hira, kuma tun Disambar 2017 Facebook ta sanar cewa tana danne rubutun da ke irin wannan bara.

Litinin a saki bayan fage a Instagram, inda aka yi kuskure aka yi dariya, ko yadda aka haɗa shagon telan. Talata ita ce ranar kyautar masu bi sau da ƙafa. A tashar WhatsApp sai ga saƙon murya na minti ɗaya daga angon zuwa ga telan, yana magiya da farko, yana barazana a ƙarshe. Wannan saƙo ba ya cikin fim ɗin. Wanda bai ji shi ba zai fahimci kashin Juma'a sarai, amma wanda ya ji zai san dalilin da ya sa hannun telan ke rawa da wayarsa ta yi ƙara. Kuɗin yin sa bai wuce lokacin jarumin da ɗaki marar hayaniya ba, nauyinsa a data kuma bai taka kara ya karya ba, ga shi da sauƙin turawa. A nan ne ake gane an raba labari da gaske.

Laraba guntun TikTok ya fita, Alhamis somin-taɓin kashi na gaba tare da rana da lokaci. Ranar Juma'a a yi amfani da tsarin YouTube na haska sabon bidiyo a lokacin da aka tsayar, inda masu kallo ke taruwa suna hira a gefe yayin da shirin ke tafiya, kuma wani daga cikin masu shirin ya kasance a wurin yana amsawa.

Tsayar da lokacin nan ya fi duk wata dabara daraja. Labarina ya taɓa sauya labari gaba ɗaya, ya kawo sababbin taurari da Sadiq Sani Sadiq a matsayin Mainasara, amma jama'a suka biyo shi, domin sunan shirin da daren Juma'ar da yake fita sun riga sun zama al'ada a gidaje. Shirin da ke fita yau Laraba, mako mai zuwa Asabar, na gaba kuma shiru, yana koya wa masu kallonsa su daina jira. A kuma daidaita lokacin da rayuwar mutane: bayan sallar isha'i ya fi kafinta, kuma jadawalin watan azumi ba irin na sauran watanni ba ne, shi ya sa shirye-shirye da yawa ke tafiya hutu a lokacin.

Masu kallo ba 'yan kallo kawai ba ne

A 2020, waƙar Jarumar Mata ta Hamisu Breaker ta bazu ta hanyar da kuɗin talla ba zai iya saya ba. Matan aure suka riƙa ɗaukar kansu suna taka rawa a gaban mazajensu suna ɗorawa, kowace ta gani ta yi nata. Abin ya kai waƙar ko'ina, ya kuma jawo suka daga masu ganin an fitar da sirrin ɗaki waje. Duka ɓangarorin biyu abin lura ne. Abin da jama'a za su iya yi da hannunsu, su kwaikwayi murya, su ƙarasa zance, su sa kansu a ciki, ya fi yaɗuwa a kan abin da za su kalla kawai. Amma da zarar ya fita, mai shi ba ya da iko da inda zai nufa. Kafin a gayyaci mutane su yi wani abu da sunan shiri, a zauna a hango mafi munin yadda za a iya yin sa.

Tsokacin da ke ƙasan bidiyo shi ne binciken da Julie Andem ta fita nema, ga shi yana zuwa kyauta. A ciki ake gane ƙaramin ɗan wasan da ya shiga ran mutane, da inda labari ya fara ja, da kuskuren al'ada ko na addini da ya kamata a gyara. Kamaye da Adama na Daɗin Kowa shaida ne cewa mutanen gefe kan zama su ake jira. Sauraro wajibi ne, amma ba a miƙa wa masu tsokaci alƙalami. Idan masu kallo suka rabu gida biyu a kan wadda ta dace da jarumi, wannan rabuwar ita ce ran shirin, marubucin da ya yi saurin faranta wa ɓangare mai rinjaye ya kashe musun da ke dawo da mutane. Haka wanda ya ga ana kallo ya yi ta jan labarin da ya isa ƙarewa, zango bayan zango, yana cin amanar da ya sha wahala kafin ya samu.

Shafi yana bukatar mai kula da shi na gaske, mai haƙuri da sanin ya kamata, ba yaron da aka ba waya don yana da saurin dannawa ba. Shi zai amsa a awannin farko, lokacin da hira ke da zafi, ya maƙala tsokaci mai ma'ana a sama, ya sa kalmomin zagi a jerin da YouTube da Facebook ke tacewa da kansu. Suka a kan shiri a bar ta, ko da ta yi ɗaci. Cin mutuncin 'yan wasa, musamman mata, da rikicin aƙida da na ƙabila, a share su nan take. Kamfanin da ya bar ana yaga jarumarsa a shafinsa don tsokaci ya yi yawa ya yi asarar abin da ya fi tsokacin tsada. Sannan a riƙa bayyana sahihan shafukan shirin da na taurarinsa a ƙarshen kowane kashi, saboda masu buɗe shafin bogi da sunan jarumai suna damfarar masoya.

Alƙaluman da ke faɗin gaskiya

Yawan mabiya shi ne adadin da aka fi alfahari da shi, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Ana sayensa, ana kuma tara shi da rabon katin waya, sai a wayi gari da dubban mutanen da suka zo don kati, ba sa kallo. Wannan na cutarwa, domin manhaja na lura da cewa mabiyan ma ba su damu ba, sai ta rage nuna bidiyon ga wasu.

Abin dubawa na cikin YouTube Studio, inda YouTube ke nuna wa mai tasha alƙalumansa. Akwai zanen da ke nuna minti nawa mutane suka kalla kafin su fice. Idan layin ya faɗi warwas a farkon bidiyo, to doguwar waƙar buɗewa ce ko jerin tallace-tallace suka kore su. Idan ya faɗi a tsakiya, a je a kalli fitowar da ke wurin. Akwai adadin waɗanda suka dawo bayan sun taɓa kallo, wanda shi ne ma'aunin ko labarin ya kama. Akwai kuma bayanin inda masu kallo suka fito, ko daga WhatsApp ko Facebook ko bincike. Idan an yi wata uku ana wahala a wata kafa ba ta turo kowa, a sake mata aiki ko a bar ta.

A tuna da aljihun mai kallo. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi da kashi 50 cikin ɗari. Mutum da yawa na kallo ne a mafi ƙarancin ingancin hoto, ko su jira garaɓasar datar dare su sauke. A irin wannan kallo ƙananan rubutu a allo ba sa karantuwa, amma murya tana nan yadda take. Mai ƙaramin jari ya fara sayen makirfo mai kyau kafin ya sauya kyamara. Wajen sa wa bidiyo suna kuma, a rubuta sunan shirin da lambar zango da ta kashi a tsari ɗaya kullum, a kuma sa shi a bayanin ƙasa da haruffa marasa lanƙwasa, tunda haka yawancin mutane ke bugawa idan suna nema.

Talla, doka da mallaka

Kuɗin YouTube kaɗai ba kasafai yake riƙe shiri mai 'yan wasa da yawa ba, shi ya sa ake cusa tallan 'yan kasuwa a cikin kashi. Wanda ya raba labarinsa da kyau yana da abin sayarwa fiye da minti ɗaya a tsakiyar fim. A labarin telan nan, mai shagon atamfa a Kantin Kwari zai iya ɗaukar nauyin kayan da ake ɗinkawa a shirin, a nuna su a Instagram ranar Litinin, a sa lambarsa a tashar WhatsApp. Tallan da ya zauna a cikin labari ba ya korar mai kallo kamar wanda aka datse fitowa aka liƙa. Sai dai a faɗa wa jama'a cewa talla ce. Kuma a duba abin da ake tallatawa, musamman magungunan da ake cewa suna warkar da komai. A nemi rajistar hukumar kula da abinci da magunguna, NAFDAC, domin wanda ya sha ya cutu da fuskar jarumin da ya yarda da shi zai tuna. Dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da harkar talla ta Najeriya, ARCON, ta ba ta ikon tantance tallace-tallace, har da na kafofin sada zumunta.

Masu aiki a Kano su sani cewa ɗora shiri a intanet bai fitar da shi daga hannun Hukumar Tace Fina-finai ta jihar ba, wadda aka kafa a 2001. A Mayun 2025 ta dakatar da shirye-shirye masu dogon zango 22 a kan batun kawo su tacewa kafin saki. A sa lokacin tacewa cikin jadawali tun farko, kada ya zo ya karya alƙawarin Juma'a. Kiɗan da ba na mai shiri ba, ko na Indiya ne ko na wani mawaƙin gida, yana iya sa kuɗin bidiyon ya koma aljihun mai kiɗan, kuma gargaɗi uku na satar fasaha na iya rufe tasha ɗungurungum. Yarjejeniyar da za a yi da 'yan wasa da mawaƙa ta ambaci guntaye da saƙonnin murya da hotunan bayan fage a rubuce, ba fim ɗin kaɗai ba.

Duk waɗannan kafofi na wasu ne, kuma suna iya rufewa ba shiri. An toshe Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Ranar 4 ga Oktoban 2021, Facebook da Instagram da WhatsApp suka ɗauke gaba ɗaya na kusan awa shida. Manhajar OkadaBooks, inda marubutan Najeriya da dama ke sayar da littattafansu, ta rufe a Nuwamban 2023. Don haka asalin kowane bidiyo da sauti da rubutu ya kasance a ajiye a wuri biyu da ba na kafar ba, kuma kowane shafi ya riƙa sanar da mabiyansa inda sauran suke, yadda in ɗaya ya tafi za a san inda za a haɗu.

Tashar YouTube ɗin kanta a buɗe ta da imel na kamfani da lambar wayar kamfani, ba na mai tace hoto ko na wani ɗan'uwa da ya taimaka a ranar farko ba. A kunna tabbaci mai hawa biyu a kowane shafi. Ma'aikata a ba su izinin shiga gwargwadon aikinsu ta tsarin da YouTube da Facebook suka tanada, ba tare da an ba su kalmar sirri ba, kuma ranar da wani ya bar aiki a cire izininsa a ranar. Idan mutum biyu ko uku ne suka haɗa jari, a rubuta wanda ya mallaki tashar da asusun da kuɗin ke faɗawa, kowa ya sa hannu a gaban shaidu, tun kafin dala ɗarin farko ta shigo.